Kwana Casa'in

Ranar Litinin, bayan an dawo daga sallar azahar, Safiyyatu ta yi shirun da ya hana ta sukuni har kwana biyu. A hawa na goma sha ɗaya ne na wani otal a unguwar West Bay ta birnin Doha, a ɗakin da tawagogi biyu suka yi mako guda suna tattaunawa. Gefe ɗaya na teburin mutanen Sunira ne, ƙasa mai tsibirai bakwai a Tekun Indiya, wadda ruwan gishiri ke cin gaɓarta kowace shekara har ya fara shiga rijiyoyi. Ɗaya gefen kuma wakilan ƙasar da mutanen Sunira ke kira Babbar Maƙwabciya. An zaɓi Doha ne don kada a ce wani ya je roƙo gidan wani.

Abin da ake ƙullawa ba shi da wuyar faɗa. Maƙwabciya za ta riƙa karɓar mutum ɗari huɗu daga Sunira duk shekara, ta hanyar ƙuri'a, su zauna su yi aiki su sa 'ya'yansu a makaranta. Za ta kuma gina katangar tare teku a babban tsibirin. Ita kuwa Sunira ba za ta bar jirgin yaƙin kowace ƙasa ya tsaya a tasharta ba sai da yardar Maƙwabciya. Ranar Alhamis za a sa hannu.

Safiyyatu tana koyar da dokokin ƙasa da ƙasa a wata jami'a nan Doha, kuma bincikenta ya taɓa kai ta Sunira ta yi wata biyu. Shi ya sa Minista Shakira, shugabar tawagar tsibiran, ta ɗauke ta mai ba da shawara. Tun ranar farko suka tsara yadda za su yi aiki. Safiyyatu za ta zauna bayan Minista, ɗan hagu da ita. In aka karanto sashe ta ga aibu a ciki, sai ta ajiye ƙaramar takarda rawaya kusa da hannun Minista, Minista ta nemi a dakata. In ba ta ajiye ba, Minista ta ce ta amince, shugabannin biyu su sa alamarsu a gefen shafi, sashe ya rufu. Wanda kuma ya nemi a sake buɗe sashen da aka rufe, ya ba ɗaya ɓangaren damar buɗe wanda ya ga dama shi ma. Kowa ya yarda da wannan ƙa'ida.

Wahalar tana wurin mai ba Maƙwabciya shawara. Farfesa Isiyaku ne, dattijo ɗan shekara sittin da bakwai, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta wa ƙasashe yarjejeniyoyi. Safiyyatu ta gaya wa Minista cewa malaminta ne, Minista ta yi dariya ta ce ai gara haka, ta san dabarunsa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne aminin mahaifinta ne, marigayi Malam Gado, tun suna firamare a Gumel. Shi ya kawo ta Doha karatu, a gidansa ta yi shekara uku, shi ya ba da aurenta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baba take ce masa. Shi ma ba ya kiran nata, domin sunan mahaifiyarsa ke gare ta. Uwata yake ce mata.

Ranar nan ƙananan sassa ake wucewa da sauri, hankalin kowa yana kan batun tsaro da za a shiga gobe. Sashe na tara layi uku ne kacal. Ya ce izinin zaman mutanen Sunira zai bi dokar shige da fice ta Maƙwabciya, kamar na sauran baƙi. Babu wani adadi a cikinsa. Amma Safiyyatu ta san dokar, ta sha koyar da ita: duk baƙon da ya fita ƙasar ya wuce kwana casa'in a jere, izininsa ya mutu. Ta kuma san mutanen Sunira. Musulmi ne, gida suke mai da gawarsu ko daga ina, matar mamaci kuma a ɗakin mijinta take takaba, wata huɗu da kwana goma. Duk wadda ta raka gawar mijinta gida, kafin ta fita takaba ƙofa ta rufe, 'ya'yanta suna can, ita tana nan. Mazansu ma sukan taru gyaran gaɓa bayan damina, aikin gayya ne da ke cin wata uku ko huɗu.

Ta zaro takardar rawaya. Tana riƙe da ita Baba ya gama karatu, ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau.

"Dakta Safiyyatu, ko akwai magana a kan wannan?"

Ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Shi ya rubuta sashen, shi ya karanta shi a gaban mutum ashirin, ajiye takardar kuwa daidai yake da ta ce masa a gabansu aikinsa yana da gyara. Kanta ya sunkuya kafin ta yanke shawarar komai, kamar yadda ya saba tun tana ƙarama in ya shigo zauren mahaifinta. Ya sake tambaya. Minista ta ɗan kalli gefen hannunta, ba ta ga takarda ba, ta ce ta amince. Aka sa alama, aka wuce sashe na goma.

Daga otal zuwa gidansu a Al Wukair tafiyar minti arba'in ce in hanya ta cika. Sau biyu ta kunna rediyo tana kashewa. Ta wuce kwanar unguwarsu ba ta sani ba, sai da ta zagayo ta bayan gidan mai. Da ta shiga gida ta cire mayafi ta rataye, ta ɗauke shi ta ninke, ta sake ratayewa.

Mijinta Ɗayyabu, injiniya ne a wani kamfanin gas, yana zaune a falo yana ɗaura wa keken 'yarsu sarƙa. Ya yi ta kallonta har ya gaji.

"Maman Jidda, wannan zirga-zirgar fa? Sau uku kin shiga kicin kin fito ba ko cokali. In tayil ɗin nan ya goge, mai gida ba zai ji bayani ba."

Ta zauna a bakin kujera. "Ba ni da ikon gaya maka abin da ke cikin takardun. Amma akwai sashen da zai cuci mutanen da nake wa aiki. Na gani, na yi shiru."

"Don me?"

"Baba ne ya karanta shi."

Ɗayyabu ya ajiye sifana, ya goge hannunsa a tsumma. "To. Kin yi wa Baba kara da ƙasar mutane ke nan."

"Kai ma ka san ba da gangan ba ne."

"Na sani mana. Ni ranar da na je gaishe shi da maganar aurenki ya tambaye ni ko cokali uku na sukari ya ishe ni, na ce e. Shekara takwas ke nan, har yau a gidansa cokali uku nake sha, ga likita ya hana ni. Amma ni haƙorana kawai nake cuta."

Ba ta yi dariya ba. Ya ce ta je ta gaya wa Minista gaskiya tun da sauran lokaci. Ta ce matar za ta ɗauka an haɗa baki ne da ita, kuma in Sunira ce ta nemi a buɗe sashen, sai ta biya da wani abu.

"To ki bi ta wurin Hajiya, matar Baba," in ji shi. "Ai haka ake yi. Ta lallaɓa shi, shi da kansa ya ce ya ga gyara ya janye. Ke ba ki musa masa ba, mutanenki ba su rasa komai ba, ba wanda ya ji kunya. Khalas, shi ke nan."

Ta juya maganar, ta ga ba ta da wata kafa da ta fi ta sauƙi.

Talata aka wuni kan batun tashar jiragen ruwa. Safiyyatu ta kasa zama wuri ɗaya a kujerarta. Sau biyar ta ajiye takardar rawaya, biyu daga ciki a kan abin da bai kai ya kawo ba, har Minista ta karkato ta ce mata a hankali, "Dakta, ko takardun ne suka yi miki yawa kike son rage su?" A hutun cin abinci ta bi Minista har ƙofar lifta da niyyar magana, da ƙofar ta buɗe sai ta ce ta manta wayarta a ɗaki.

Ana tashi ƙarfe uku da rabi ta kama hanyar Abu Hamour, unguwar su Baba. Ta tsaya wurin masu kayan marmari ta sayi mangwaro da ayaba, don ba a shiga gidan Baba hannu rabbana. Ta san yakan yi la'asar a masallacin unguwa ya zauna karatu har wajen biyar.

Hajiya Indo, matar Baba, tana kicin tana kaɗa miyar kuɓewa.

"Lale da babbar lauya. Mako biyu ba ki leƙo mu ba. Ke da Babanki kun shige otal kun manta da talakawa. Shi ma in ya dawo ba ya cewa uffan, sai ka ce an ɗinke masa baki. Ina kishiyata Jidda?"

"Tana lafiya, Umma, tana gaishe ki."

"Ƙarya kike mata, waccan ba ta gaida kowa sai mai alawa. Miƙo min daddawa a kwalbar can. Me ya same ki kika rame a kwana goma?"

Safiyyatu ta miƙa kwalbar, ta jingina da firji, ta tashi, ta koma bakin taga.

"Umma, alfarma na zo nema. So nake ki yi wa Baba magana. Akwai wani sashe da aka rufe jiya, na tara, mu a ɓangarenmu in aka bar shi haka..."

"Uwata, tsaya nan."

Baba ne a ƙofar kicin, carbi a hannu, takalmansa ma bai cire ba. Ashe yau bai zauna karatun ba. Ya ce ta same shi a falo. Ta bi shi, ya zauna a kujerarsa, ita ta zauna a kan darduma ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi Ɗayyabu da yarinya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya cire tabarau.

"Abin da kike shirin gaya wa Indo, sirrin wa ne?"

"Na mutanen da nake wa aiki."

"In kin gaya mata, kin gaya mini. In kin gaya mini, dole gobe da safe in sanar da waɗanda suka ɗauke ni cewa lauyar Sunira ta kawo maganar tebur gidana. Daga nan ba sashe ɗaya ne zai lalace ba. Kin gane?"

"Na gane, Baba. Amma ai ka san abin da ke ciki."

"Ni na rubuta shi. An ce in rubuta abin da zai yi wa ƙasarsu sauƙi, na rubuta. Ban ɓoye komai ba, dokar tana nan kowa yana iya karantawa. Sau biyu na kira ki da sunan da na yi shekara da shekaru ban furta ba. Iyakar abin da amana ta yardar mini ke nan, ban ma tabbata ban ɗan ƙetare ba."

"Kasawa na yi. A gaban mutane ne."

"Na gani. Kuma ba zan ce ban ji daɗin tarbiyyarki ba, mu muka koya miki ita, ni da Gado, Allah ya jiƙansa. Sai dai mutanen nan ba 'yar Malam Gado suka ɗauka aiki ba. Lauya suka ɗauka, suka sa ta a bayan ministarsu don ta ga abin da su ba za su gani ba."

Tana murza gefen darduma da yatsa. "Da za ka janye shi da kanka..."

"Ba zan janye ba. In na yi haka na ci amanar nawa mutanen don in rufa miki asiri, mu zama mu biyu ke nan. Abin da za ki yi da sashenku, ke da ministarki ya shafa, kada ki gaya mini. Abu ɗaya kawai zan faɗa, don kada ya zo miki ba shiri: duk abin da ya zo teburin nan, ba zan yi miki sauƙi ba."

Hajiya Indo ta leƙo da ludayi a hannu. "Wai ku biyun nan faɗa kuke ko wa'azi? Tuwo dai ba ya jiran farfesa, balle dakta."

Safiyyatu ta ci loma uku don kada a ce ta ƙi, ta yi sallama tun kafin magariba.

Laraba ƙarfe shida da rabi na safe ta riga ta ajiye mota a otal. Minista takan karya da ƙarfe bakwai, don haka ta tsallaka titi ta yi ta kai da kawo a bakin teku, tana tsara maganar tana rushewa. Iska ta fara zafi tun rana ba ta ɗaga ba. Bakwai saura minti biyar ta hau.

Minista Shakira gajeruwar mace ce mai furfura a goshi, ta yi shekara ashirin tana shugabar makarantar 'yan mata kafin ta shiga siyasa. Tana zaune ita kaɗai da shayi da dafaffen ƙwai. Ta nuna wa Safiyyatu kujera.

"Ranki ya daɗe, sashe na tara yana da matsala. Na gan ta tun ranar Litinin."

Ta yi bayanin dokar, da kwana casa'in, da takaba. Minista ta daina ɓare ƙwan.

"Ƙanwata Alimatu tana jiran a buɗe ƙuri'ar nan kamar ta jawo ranar," ta ce. "Mijinta yana da ciwon ƙoda, asibiti suke nema. Yara huɗu gare su. Kina nufin in ya rasu a can ta kawo shi gida, shi ke nan ba ta komawa wurinsu?"

"Sai ta sake shiga ƙuri'a."

"Kuma kin gani tun Litinin. Takardar ta ƙare miki ne?"

"Tana hannuna."

Safiyyatu ta faɗi sauran: Gumel, da shekara uku a gidansa, da aurenta, da zuwanta Abu Hamour jiya da yadda ya tare maganar tun ba ta fita ba. Ta ce a wurinsu ana kiran abin kara, babba ya yi magana a gaban jama'a ka bar masa ko da kana da ta cewa. Ta ce ba uzuri take kawowa ba.

Minista ta dubi teku ta gilashi.

"Mu ma muna da shi, sunan ne dai daban. Ɗan yayana lauya ne, mai kaifin kai ƙwarai. Na bar shi a gida don na san ba zai iya musa mini ba, balle dattawan can. Na ce bari in ɗauko baƙuwa daga nesa, wadda ba ta jin nauyin kowa." Ta tura farantin gefe. "Da kin gaya mini tun ranar farko, da na san inda zan zaunar da ke. Wannan ya fi shirun ɓata mini rai."

"Haka ne, ranki ya daɗe. In kina so in ajiye aikin..."

"Ki ajiye wa wa? Gobe ake sa hannu. Me za su nema in muka buɗe?"

"Ko tashar jirage, ko adadin mutane."

"To. Yau ba takarda. Kujerarki za ta matso kusa da tawa, ke za ki yi maganar da bakinki, a gabansa. In kika sunkuyar da kai, tashi zan yi in gaya wa ɗakin dalili. Sha shayi."

Ƙarfe tara aka zauna. Kafin a shiga ajandar ranar, Minista ta ce Sunira tana neman a sake buɗe sashe na tara, kuma mai ba ta shawara ce za ta yi bayani. Shugaban tawagar Maƙwabciya, dogon mutum mai yawan murmushi, ya tuna mata ƙa'ida. Ta ce ba ta manta ba.

Safiyyatu ta kafa idonta a kan kwalbar ruwan da ke gaban Baba. Iyakar inda ta iya ɗaga shi ke nan. Muryarta ta fita siririya da farko, har wani daga ƙarshen tebur ya ce ta matso da makirfo. Ta karanto sashen, ta karanto dokar da yake nuni gare ta, ta faɗi abin da kwana casa'in zai yi wa mace mai takaba da namijin da ya koma gyaran gaɓa. Ta nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa mutumin Sunira yana iya yin shekara guda a gida izininsa bai taɓu ba.

Baba ya gyara tabarau. "Dokar nan a kan kowane baƙo take, daga ƙasashe fiye da ɗari. Wane dalili zai sa a ware Sunira?"

"Sauran baƙin suna da ƙasar da za ta jira su. Sunira tana nan ne muddin mutanenta suna komawa suna riƙe ta. In aka sa mutum ya zaɓa tsakanin izininsa da gidansu, tsibiran za su zama kufai tun teku bai iso ba. Shafin farko na yarjejeniyar nan kuwa cewa ya yi ana son ƙasar ta ɗore."

"Wannan hasashe ne. Ina hujja? Mata nawa ake magana a kai?"

"Lokacin da nake can na ƙirga sha ɗaya suna takaba."

"Sha ɗaya, cikin mutum dubu goma sha biyu."

"Sha ɗaya a wata biyu, a tsibiri ɗaya cikin bakwai. Kuma waɗanda za su fara tafiya, da yawansu marasa lafiya ne masu neman asibiti. Mai ba tawagar Maƙwabciya shawara ya san abin da hakan ke nufi."

"Dakta ta san wannan dokar ranar Litinin?"

Safiyyatu ta gyara makirfo.

"Na sani. Kuskurena ne da ban yi magana ba, ba na tawagar Sunira ba."

Baba ya karkata wurin shugabansa suka yi ƙus-ƙus na ɗan lokaci, ya rubuta wani abu ya tura masa. Dogon mutumin ya karanta, ya ce shekara guda ba za ta wuce a majalisarsu ba, amma za su iya yarda da kwana ɗari da tamanin. Su kuma suna buɗe sashe na uku. Majalisarsu ta amince da ɗari huɗu ne bisa lissafin cewa wasu izinin za su riƙa mutuwa suna ba da wuri. Tun da yanzu ba za su mutu ba, ɗari uku da sittin za su iya ɗauka a shekara.

Minista ta nemi hutun rabin sa'a.

A ƙaramin ɗakin da aka ba tawagarsu, ta kira shugaban ƙasarta ta yi ta magana da harshensu. Safiyyatu ba ta jin ko kalma. Ta je taga ta dawo, ta zuba ruwa a kofi ba ta sha ba, ta jera fayil ɗin da ke jere. Sau ɗaya muryar Minista ta ɗaga, sannan ta sauka. Da ta ajiye wayar ta zauna ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta.

"Ɗari da tamanin ya ishi takaba?"

"Ya isa, har da kwanakin tafiya da na zaman makoki. Ya ishi gyaran gaɓa ma."

"Babu wata doka kuma a ɓoye a bayansa?"

"In ni na rubuta shi da adadin a ciki, babu."

"Da ranar Litinin ne, me za mu biya?"

"Wataƙila ba komai. Sashen bai rufu ba a lokacin."

Minista ta gyaɗa kai. "Mutum arba'in duk shekara. Ban san su ba, ƙuri'a ba ta nuna wanda ya kusa fita. Wataƙila Alimatu tana cikinsu." Ta mai da takalminta. "Mun karɓa. Gara ƙofar ta ƙanƙance da a ce mai fita ba ya dawowa. Zauna ki rubuta, minti goma ya rage."

Safiyyatu ta zauna ta rubuta. Layi biyar ne. Ta karanta sau uku, ta ba Minista ta karanta, suka koma ɗakin taro. Aka miƙa takardar ƙetaren tebur. Baba ya bi ta da bakin alƙalami daga farko har ƙarshe, ya koma ya sake bi, sannan ya tura wa shugabansa ba tare da ya taɓa ko harafi ba. Aka sa alama a sashe na tara, aka gyara adadin sashe na uku, shi ma aka sa masa.

Da aka tashi sallar azahar mutane suka watse, Safiyyatu tana harhaɗa takardunta, Minista ta tsaya a kanta.

"Mako mai zuwa akwai taron jama'a a babban tsibiri, a filin makarantarmu. An riga an gaya musu ɗari huɗu. Za su tambaya ina arba'in suka shiga. Ni zan amsa, ni ce minista. Amma ke za ki zauna kusa da ni, in sun so jin ta bakin lauya sai ki tashi."

"Zan zo, ranki ya daɗe."

"Daga filin jirgi sa'a shida ce a kwale-kwale, kin sani. Ki taho da takalmin da ruwa ba ya ɓatawa. Wannan watan filin yakan cika in teku ya taso."